Allurar da Ta Shiga Adawa a Jirgin Alhaji

Fagge, Kano,
Agusta, 1999.

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, Shugaban Kamfanin Sufuri na Sai Mun Dawo, uban direbobi, gatan 'yan kamasho, mai motoci a ƙasa, mai jirgi a sama, Titin Ibrahim Taiwo, Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da motoci, da kuma ɗan autan naka mai fiffike da ke kwana a filin jirgi. Ina yi maka barka da dawowar mulkin farar hula, wanda rediyo ta ce a cikinsa kowa yana da bakin magana. Ni ma na duba na ga ina da shi, shi ne na ce bari in fara gwada shi a kanka in ga ko yana aiki.

Sunana Falilat, haifaffiyar Fagge, ina sayar da leshi da atamfa a wajen Bata. Ni ba ka san ni ba, amma ka san maigidana, Kyaftin Ganiyu. Shi ke tuƙa ɗan jirgin nan naka mai kujera shida, wanda ka sayo bayan zaɓe domin 'yan siyasa masu sammakon neman muƙami a Abuja. Na yi ta sintiri ofishinka don in faɗa maka wannan magana baki da baki, kullum masinja sai ya ce kana mitin. Da na ga mitin ɗin ba mai ƙarewa ba ne sai na kawo wa jarida, tunda an ce ita kam kana dubawa kowace safiya ko ka ga hotonka.

Ga maganar a taƙaice. Manajanka ya ce lalle maigidana ya tashi da jirgin nan zuwa Abuja ranar Asabar mai zuwa. Ga damina ta kankama, ga hadari kullum, shi kuwa jirgin bai san inda yake ba a sararin Allah. Ni kuma ina son mijina ya dawo gida da ƙafarsa.

Kafin in jero koke-kokena, ka yi mini izini in faɗi abin da maigidan ya koya mini a tsakar gida, domin na lura a kamfaninka ba kowa aka yi wa wannan karatu ba. A gaban matuƙi akwai agogo uku da yake dogara da su. Ɗaya yana faɗin tsayin da jirgi ya kai, ɗaya maleji ne yana faɗin gudu, na ukun yana faɗin ko hawa ake yi ko sauka. Duk ukun ba sa shan fetur, ba sa cin batir, iskar waje kawai suke shaƙa. Akwai 'yar huda a kowane gefen jikin jirgin, ba ta fi hudar kunnen jaririya ba, da kuma wani ɗan bututu a ƙarƙashin fiffike. Daga nan wani siririn tiyo yake kai iskar har bayan agogunan. In jirgi ya shiga gajimare, ba a ganin ƙasa ba a ganin sama, matuƙi ba shi da wani ido sai alluran nan uku.

Koke na ɗaya. Tun watan jiya maigidan ya lura cewa duk lokacin da ya buɗe 'yar tagar da ke gefensa, sai allurar tsayi ta yi tsalle ta ce an ƙara sama, in ya rufe ta dawo. Jirgi bai motsa ba, taga kawai aka taɓa. Ya ce wannan alama ce tiyon ya tsage a wani wuri a bayan agogo, yana shaƙar iskar ciki maimakon ta waje. Ya je ya shaida wa Manaja. Manajanka, Allah ya ƙara masa basira, mutum ne da ya yi rabin rayuwarsa yana lodin fasinja a tashar Sabon Gari, kuma ba a taɓa kawo masa matsalar da ta fi ƙarfinsa ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yanke hukunci: tunda buɗe taga ke kawo tsallen, daga ranar an haramta buɗe taga. Har ya sa aka ɗaure ta da waya.

Cikin ladabi nake tambaya, ranka ya daɗe: in likita ya ce wa mai ciwon haƙori maganinsa ya daina buɗe baki, a kamfaninku ƙarin girma ake yi masa? Abin da dokar ta haifar shi ne manyan mutane cikin manyan riguna masu sitati, kowa ya yi wanka da nasa turaren, an cusa su wurin da bai fi bayan tasi ba, tun daga Kano har Abuja. Maigidana yana dawowa gida da ƙanshin jam'iyya uku a jikinsa. Ni ke wanke rigar, ba labari aka ba ni ba.

Koke na biyu ya shafi Injiniya Chukwuma, mutumin Sabon Gari, wanda ya yi karatun gyaran jirgi, kuma shi ne ke sa hannu kafin jirgin ya tashi. Da maigidan ya ga an ɗaure taga sai ya kai maganar wurinsa. Injiniya ya ce ai gyaran ba wuya. A ajiye jirgi kwana biyu, a aro na'urar gwaji, a liƙe hudar nan na ɗan lokaci, a zuƙe iska kaɗan har allura ta hau, sannan a zuba mata ido. In ta tsaya inda take, lafiya lau. In ta riƙa zamewa tana yin ƙasa, to akwai tsaga, sai a bi tiyon gaɓa-gaɓa har a kama ta a canza.

Duk bayanin nan Manaja bai ji komai ba sai kwana biyu. Yaya za a kwantar da jirgi kwana biyu ana rabon kujeru a Abuja, wanda ya makara sai dai ya samu shugabancin hukumar da ko mota ba ta da ita? Ya dubi Injiniya sama da ƙasa ya tambaye shi wace jam'iyya ya zaɓa. Sannan ya sanar da ma'aikata cewa shi dai ya gane komai: allurar nan 'yar adawa ce, domin ba wanda zai riƙa tsalle don an buɗe taga sai wanda aka saya. Injiniya ya ce shi kam ba zai sa hannu ba sai an gyara. Manaja ya ce sa hannu ai ba abin a zo a gani ba ne, shi ma Allah ya ba shi hannu. Washegari aka mayar da Injiniya gareji, aka ba shi kula da rumfar tsofaffin tayoyi.

Na je na gaishe shi can. Na same shi a kan benci da farar rigarsa ta aiki, ya jera tayoyin nan bisa girmansu, ya goge su tas. Ya ce mini aikin ba laifi, ko ba komai taya in ta sace ba a kiranta 'yar adawa. Mun yi dariya, amma da na fito sai da na share ido da gefen mayafi, domin shi kaɗai ne a kamfanin nan da in ya ce jirgi lafiya, nakan yi barci.

Koke na uku shi ne mafi tsawo, ka gyara zama. Bayan an kawar da Injiniya, Manaja ya tuna cewa a cikin bayanin an ambaci iska tana zurarewa. A kamfaninka kuwa, tun daga kan direban tirela har mai shara, kowa ya san in aka ce iska tana zurarewa mutum ɗaya ake kira, Malam Sammani mai faci. Ina roƙonka kada kowa ya taɓa Malam Sammani a kan wannan magana. Dattijo ne mai gaskiya, duk Sabon Gari ba mai facinsa, ni kaina tayar motar da ke ɗauko mini kaya shi ke duba ta. Laifinsa ɗaya, tun yana saurayi bai taɓa haɗuwa da hudar da aka yi da gangan ba. Duk hudar da ya gani a duniya abokiyar gaba ce.

Aka ɗauko shi da bokitinsa da sabulunsa ranar Juma'a, maigidan yana masallaci. Ya fara da bututun nan na ƙarƙashin fiffike. Ya ce wa Manaja ya hau kujerar matuƙi ya kalli agogo, shi kuwa ya cika kunci ya kafa baki ya busa, irin busar da yake yi wa tiyon mota in ya toshe. Allurar maleji ta zabura ta zagaya har ta daki ƙarshe, alhali jirgi yana tsaye an tokare tayarsa da dutse. Manaja ya leƙo yana murna ya ce jirgin nan bai taɓa gudu irin na yau ba. Daga baya maigidan ya gaya mini cewa abin da ke cikin agogon wani fallen ƙarfe ne mai laushi kamar ɓawon albasa, ba a yi shi don numfashin ƙato ba. Tun daga ranar maleji yake ƙara wa gudun jirgi abin da babu, ya zama kakakin gwamnati.

Sannan Malam Sammani ya bi jirgin da ruwan sabulu daga hanci har wutsiya yana neman inda kumfa za ta taso. Ba ta taso ba, domin jirgi ba taya ba ne, ba a hura shi aka rufe ba. Amma mutum mai mutunci ba ya yarda a ɗauko shi tun daga Sabon Gari ya koma hannu rabbana. Ya sa tabarau ya sake bi a hankali, sai ga 'yan hudar nan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. An ce har sai da ya girgiza kai ya ce Turawa ma ashe suna aikin ganganci. Ya kwaɓa foti, irin wanda ake cike ramin jikin mota da shi, ya cusa ya danne, ya goge, ya sa aka kawo fenti aka shafe. Aiki ya yi kyau, ranka ya daɗe, ko kai ka zo da fitila ba za ka gane wurin ba. Da yamma kuma yaran wani Honarabul, wanda ya yi hayar jirgin na washegari, suka zo suka manna fostar godiyarsa ga masu zaɓe a gefe biyu, daidai kan facin.

Shin a cikin dukan ma'aikatan da kake ciyarwa, ba a samu ɗaya da ya tsaya ya ce, wannan huda da aka yi ta a zagaye, iri ɗaya dama da hagu, har da ɗan zoben ƙarfe a bakinta, anya ƙusa ce ta yi ta? Akwai wanda zai faɗa, amma yana can yana goge taya.

Koke na huɗu. Da gari ya waye maigidan ya zo ya zagaya jirgi kamar yadda ya saba, ya ga fosta a inda bai kamata ba. Ya kai hannu zai yage, sai 'yan bangar Honarabul suka matso suna tambayarsa ko ya gaji da hannun ne. Ba wanda ya gaya masa an yi faci. Sai ya ciro tsinke ya huda takardar daidai wurin, ya ji tsinken ya shige, bai san cikin ɗanyen foti ya shiga ba. Na yi masa faɗa a kan wannan, kuma ban gama ba, amma wannan shari'ar cikin gida ce, ba ta jarida ba.

Suka tashi, Honarabul a kujerar gaba da sandarsa ta ado a tsakanin gwiwa. Ba su yi nisa ba gajimare ya haɗiye su. Maigidan ya dubi allurar tsayi, ta ce suna nan Kano a ƙasa, ko taku ba su ɗaga ba, 'yar tsagar tiyon nan ba ta ishe ta numfashi ba. Ta hawa da sauka ta kwanta abinta. Maleji kuwa yana ta zuba nasa labarin. Ga fari fat a gaba, ga fari fat a gefe, ga mutum biyar a wuyansa, ba abin da zai gaya masa ko yana sama da dogayen turakun rediyo ko yana shirin gaisawa da su. Sai ya fizge sandar Honarabul ya kai wa gilashin agogon hawa da sauka duka ya fasa. Wannan ba hauka ba ne, a makarantar tuƙin jirgi ake koyar da shi: in hudar waje ta toshe, a fasa wannan gilashin iskar ciki ta samu hanya, ko ba daidai ba ta fi babu. Allurar tsayi ta farka, ya lallaɓa ya juyo, ya sauko a hankali har ya hango rufin kwanon Fagge, ya dire su a inda ya ɗauke su.

Ranar ya dawo gida da wuri. Na kawo masa ruwa da abinci. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi cin tuwon amala, ranar ko murfin kwanon bai ɗaga ba. Ya zauna a kan dardumar salla har la'asar yana kallon yaranmu suna wasa. Na ji tsoro, ranka ya daɗe, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma har yau bai sake ni ba.

Shi kuwa Manaja, da aka ba shi labarin allura ta tsaya cak, cewa ya yi ai abin da ake nema ke nan. Da tana tsalle an yi ƙorafi, yanzu an samu kwanciyar hankali kuma ana ƙorafi, wai mutanen ƙasar nan ba a iya musu.

Koke na biyar. An kafa kwamiti, domin yanzu zamanin kwamiti ne. A ciki akwai Manaja, da akawu, da shugaban direbobin bas, da wakilin Honarabul, da wani da ya zo gyaran fanka aka ce ya zauna don a cika kujera. Aka tsayar da maigidana a gabansu da laifi uku. Na farko, fasa kayan kamfani. Na biyu, taɓa sandar Honarabul ba da izini ba. Na uku, kuma shi ne mafi muni a wurinsu, juyo da jirgi ba tare da jin ra'ayin fasinja ba. Wakilin Honarabul ya miƙe ya yi jawabi ya ce a zamanin soja ne mutum ɗaya ke juya jama'a yadda ya ga dama, yanzu kuwa kamata ya yi a ce masu son a ci gaba su ɗaga hannu. Ya ƙara da cewa saboda wannan kama-karya maigidansa ya rasa muƙamin da aka yi masa alkawari, an ba wani ɗan ƙauyensu da ya tafi a mota.

Daga nan aka kaɗa ƙuri'a a kan lafiyar jirgi. Masu cewa jirgi lafiyarsa ƙalau suka ɗaga hannu, har da mai fanka. Mai cewa ba lafiya, maigidana shi kaɗai. Aka tafa, aka sha lemo, aka sanar cewa jirgi ya warke da gagarumin rinjaye. Shin, ranka ya daɗe, an aika wa gajimare da sakamakon? Shi ma ya amince, ko zai garzaya kotu?

Don kada a ce kwamitinka ba shi da adalci, dole in faɗi cewa an yi sulhu. An yarda a ƙwaƙule fotin gefen dama. Na hagu an ce a bar shi, saboda ya faɗo daidai ƙwayar idon Honarabul a jikin fosta, kuma tsinken da maigidan ya soka a wurin tun farko ma har yanzu ana binciken wanda ya sa shi. Gilashin da aka fasa kuwa ba a canza ba. Manaja ya aika Bata aka sayo sitika irin ta bayan bas, mai rubutun Allah Ya Tsare, aka liƙe wurin da ita. Ni Musulma ce, wannan addu'a kullum ina yi wa mijina ita kafin ya fita, kuma na yi imani da ita. Gam ɗin sitikar ne ban yi imani da shi ba, domin na ga yadda yake saki in rana ta yi.

To ga yadda jirginka yake a yau, in ba a gaya maka ba. Tsagar farko tana nan ba wanda ya neme ta. Maleji yana ƙarya. Huda ɗaya a toshe. Agogo ɗaya takarda ce ke riƙe da shi. Wannan shi ne abin da aka ce mijina ya shiga hadari da shi ranar Asabar, in kuwa ya ƙi, ya ajiye makulli ya kama gabansa.

Koke na shida ba a kanka yake ba, a kan mijina ne, amma tunda na fara sai in ƙarasa. Na ce masa ya ajiye musu makullin. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi har na daina sa masa nama a miya. Na san abin da ke ransa. Shekarun soja da aiki ya yi wuya, tasi ya ja tsakanin Bata da Singa, lasin ɗinsa na tuƙin jirgi yana cikin leda a ƙarƙashin kujera, fasinja suna zaginsa a kan canji. Na ce ya koma tasin, ni zan riƙe gida da leshina, ba yau na fara ba. Sai ya ce mini ba tasin yake gudu ba.

“Falila, in na ƙi, Manaja ya riga ya samo wani matuƙi daga Ikko wanda bai san jirgin nan ba. Ni na san inda kowace allura take ƙarya. Baƙon kuwa zai yarda da su.”

Me zan ce wa mai irin wannan magana? Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, kuma saboda irin wannan halin na aure shi. Da na ga ba zan iya da shi ba, ba zan iya da Manaja ba, kai kuma kana mitin, sai na yi abin da mace 'yar kasuwa ta iya. Na ɗauki sabon leshi na tafi talla.

Ranka ya daɗe, ka san wani tsohon gida a nan Fagge mai ƙofar ƙarfe koriya, wanda mai shi ta ƙi tashi duk da ginin da ka yi mata a Nasarawa. Hajiya Babba, mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata lafiya, ta daɗe tana sayen kaya a wurina, kuma ba ta taɓa taya leshi ba tare da ta ba ni fura ba. Shekaranjiya muna cikin ciniki ta tambaye ni Kyaftin. Daga nan ta shiga yi mini ƙorafi, wai ɗanta ya sayi jirgi duk gari ana magana, ita ko sau ɗaya ba a ce ta zo ta gani ba, sai a kalanda take ganinsa. Wai 'yan siyasa da ba su san zafin haihuwarka ba su ke hawa.

Allah shi ne shaidata, ban yi mata ƙarya ko ɗaya ba. Na ce mata ranar Asabar za a je Abuja. Na ce mata kwamitin kamfani ya zauna ya tabbatar da lafiyar jirgi da gagarumin rinjaye. Ban ƙara ba, ban rage ba. Nan take ta aika aka kirawo Manaja, ya zo ya durƙusa a zaure yana zufa. Ta ce kujerar gaba take so, da wata a bayanta domin 'yar rakiya, wato ni. Me zai ce mata? Ya ce jirgin da shi da kansa ya ɗaga wa hannu ba shi da lafiya? Sai kawai ya ce to, Hajiya, an gama. An ce tun daga ranar yake neman ganinka, masinja yana ce masa kana mitin.

Yanzu haka duk Fagge an sani. Hajiya ta yanki leshi mai ruwan sararin sama, ni ma ta yankar mini irinsa, suna wurin tela. Matan makarantar Islamiyyarsu sun yi hayar bas, ta kamfaninka kuwa, za su raka ta filin jirgi. Ta sa an soya mata dambun nama na hanya, ta kuma aika wa 'yar'uwarta a Abuja ta zo ta tarye ta.

Ba da wasa na karɓi kujerar nan ba. In jirgin nan zai tashi da mijina ranar Asabar a yadda yake, to da ni zai tashi, na riga na kai yara wurin kakarsu. Amma ban ɓoye maka ba, da na ga tsohuwar nan tana gwada mayafi a gaban madubi tana murna, sai tausayinta ya kama ni. Na ce mata, Hajiya, ba kya jin tsoro, ga shi damina ce? Ta juyo ta dube ni kamar na yi saɓo.

“Tsoron me, 'yar nan? Ni na haife shi, ni na yi masa tarbiyya. Ba zai ɗora 'ya'yan mutane a kan abin da ba zai ɗora ni ba.”

Na naɗe sauran kayana na yi mata sallama na fito, domin wannan magana ba ni ce zan amsa ta ba.

Yau Laraba. Injiniya Chukwuma ya ce kwana biyu yake buƙata, kuma rumfar tayoyi ba ta da nisa da ofishinka, ko a ƙafa masinja zai je. In kuwa ka ga hakan bai dace da tsarin kamfani ba, to sai ka taka da kanka zuwa gida mai koriyar ƙofa, ka cire takalmi, ka zauna a gabanta ka gaya mata dalilin da ya sa ita ba za ta hau ba, amma Ganiyu zai hau. Hajiya ba ta karanta jarida, amma jikokinta suna karantawa, kuma ka san bakinsu. Gara ta ji daga wurinka.

Ina neman gafara in na yi tsawon harshe, sabon shiga ne mu a harkar faɗin albarkacin baki. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka motoci da jirage, ya bar maka Hajiya ka daɗe kana shan albarkarta.

Taka mai biyayya, mai durƙuso tun daga bakin ƙofa, mai jiran Asabar da ɗinkinta a hannu,

Falilat Ganiyu,
mai leshi, Fagge.